Ƙwan Jimina a Zauren Jarrabawa

Ƙwan ya kai girman kan jariri. Fari ne, amma ba fat ba, farinsa irin na haƙorin tsoho, kuma in mutum ya shafa shi sai ya ji ƙananan ramuka a jikinsa kamar na ɓawon lemo. Yana kwance a cikin injin ƙyanƙyasa, a ƙuryar wani ɗaki na Sashen Kiwon Dabbobi, tsakanin wani firji da ya daɗe da mutuwa da tarin kujeru masu ƙafa uku-uku. Mai shi wani ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe, wanda kowa a jami'ar yake kira Kawu.

Furfura ce ta jawo masa sunan. Malamin gona ne, ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka a kan babur yana yi wa awaki allura, sai rana ɗaya ya ce shi ma digiri yake so. Ofishinsu suka ba shi hutun karatu, ya zo ya zauna a aji da yaran da a haife ya haife su. Da aka zo rabon aikin bincike na shekarar ƙarshe, kowa ya ɗauki kaji ko zomaye, abin da za a yi a gama a kama gaba. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce jimina. Yana yaro ya taɓa ganin wata a bayan motar wasu matafiya, ta miƙo wuya ta saman katako ta dube shi da wani ido mai dogon gashi, sai ka ce an rambaɗa mata kwalli. Motar ta wuce, amma idon bai taɓa barinsa ba.

Bara ya gwada, ƙwayayen duk suka zama baragurbi, aka ce ya maimaita shekara. Bana gonar jami'a ta samo masa huɗu, uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura wannan. Ofishinsu kuma sun aiko cewa hutun karatu ya ƙare da wannan zango, da takarda ko babu ya koma bakin aiki. Dakta, malamar da ke duba aikinsa, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Kawu, ba zan kai wa mai jarrabawa na waje tatsuniya ba," ta ce. "Ɗan tsako nake so, mai numfashi. In babu shi, babu digiri."

Injin tsoho ne, ba ya juya ƙwai da kansa, don haka makonni Kawu ya yi yana juya shi da hannu. A jikin ɓawon ya rinƙa rubuta nauyi da zafi da fensir, ƙananan lambobi a jere, don kansa ya fara mantuwa. In ya ja labule ya haska tocila, sai ƙwan ya koma kamar jan wata, da wata inuwa a ciki tana miƙa. A kwanakin nan inuwar ta cika ƙwan. Kawu ya daina juya shi, don lokacin ya wuce. Abin da ya rage kawai shi ne ɗumi, kada ya yanke.

A waje kuwa jami'a ta zama kamar gidan da ake tashi. Jakunkuna a ɗaure a bakin ɗakunan kwana, katifu a naɗe, masu tasi suna shawagi. Wasu sun gama jarrabawa suna yayyaga littattafai, wasu suna zagaye bishiya suna haddar abin da ba su karanta ba tun farkon zango. Ba wanda ke iya zama wuri ɗaya.

Ana gobe takardarsu ta ƙarshe, wata 'yar ajinsu ta leƙo ɗakin. Rediyo ake ce mata, don labari ba ya kwana a bakinta.

"Kawu, kana nan kana gadin ɗanka, duniya tana can tana juyawa," ta ce, ta haye kan mataccen firjin ta zauna. "Ka ji shugaban tsangaya zai yi ritaya? Gobe walimar ban kwana, har da masu kiɗa. Motar ɗalibai ta faɗa kwalbati a bayan laburare, ba wanda ya ji ciwo sai direban, shi ma a zuciya. An soke zaɓen ƙungiya, wai ƙuri'u sun fi ɗalibai yawa. Jibi za a yi feshin kuɗin cizo a ɗakunan kwana, kowa ya kwashe kayansa. Malam Shaho, mai sa ido a jarrabawa, ya kama wani da amsoshi a tafin takalmi."

"Allah ya kyauta," in ji Kawu, idonsa a kan ma'aunin zafi.

"Af, na manta. Gobe da safe za a ɗauke wuta."

Ya juyo. "Wace wuta?"

"Ta jami'a kaf. Taransifoma za su canja."

"Gobe muna da takarda, 'yata."

"Su Sashen Ayyuka da tsohon jadawali suke aiki. A wajensu mun gama tun makon jiya. An ɗaga jarrabawa, ba wanda ya tuna ya gaya musu." Ta dubi injin, ta dubi fuskarsa, sai dariyar ta tsaya mata. "Kai, Kawu. Ban kawo shi a raina ba wallahi."

Bai tsaya sa hula ba. Ya tarar da injiniyan Sashen Ayyuka a tsakar fili yana nuna wa wata ƙatuwar motar ɗaga kaya inda za ta tsaya. Injiniyan ya saurare shi har ƙarshe, ya ma tausaya, sannan ya nuna motar da haɓa.

"Baba, ka ga wannan? Tun farkon zango nake bin ta. In ta juya yau, sai baɗi. Ƙwai nawa ne?"

"Ɗaya."

Injiniyan ya sosa ƙeya, ya koma wajen motarsa.

Washegari da hantsi ƙugin injin ya tsaya cak. Kawu yana tsaye a gabansa lokacin, ya ji shirun har cikin haƙoransa. Kamar da gangan, garin da ya yi makonni yana gasa mutane ya tashi da hadari, iska mai sanyi tana kaɗa labule. Ya lulluɓe injin da bargonsa, ya nufi wajen mai riƙe da makullan sashe.

"Janareto fa?"

"An kai shi wajen walima tun asuba," in ji Mai Makulli. "Lasifika za su kunna. Sai an tashi."

"Yaushe za a tashi?"

"Mutum takwas ne za su yi jawabi, kuma duk farfesoshi ne. Kai ka ƙiyasta."

"To bari in ɗauki injin in kai inda ake da wuta."

"A ƙasa aka ɗaure shi da ƙusa, tun da aka sace ɗan'uwansa. Ƙwan naka ne, ɗauki abinka. Injin na jami'a ne."

Daga nan ƙafarsa ba ta ƙara hutawa ba. Ya je shagon mai fotokwafi, ya tarar da ɗan janaretonsa yana tari yana mutuwa yana tashi, ɗalibai sun yi cincirindo kowa da takardun bincikensa a sama da kai. Ko kusa da ƙofa bai kai ba. Ya je asibitin jami'a, nas ta ce suna da wutar sola, amma ta firjin allurai ce.

"Mu sanyi muke ajiyewa, Kawu, ba ɗumi ba."

Ya je kantin abinci, ya tsaya yana gwada zafin gefen murhu da bayan hannu. Nan ƙuna, taku ɗaya baya kuma sanyi. Mai dafa abinci ta ce in ya rasa yadda zai yi ya kawo ta soya, zai ishi ajinsu duka har da malamai. Bai yi dariya ba. Tsakanin kowane wuri da wani sai ya ruga ya koma sashe ya ɗaga bargo, kuma kowane zuwa jan layin ma'aunin ya ƙara sauka. Littafin da ya yi niyyar dubawa kafin jarrabawa yana hammatarsa, ya jiƙe da gumi, ko buɗe shi bai yi ba.

Yana zaune a kan matakala, ya tashi, ya sake zama, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, yaushe za mu sa ido? Auta ta share ɗakinka har sau biyu."

Ya gaya mata komai, a hargitse, yana haɗa injiniya da nas da janareto. Ta bar shi ya gama.

"Yanzu kai duk karatun nan da ka je yi, ka manta Auta?"

"Me ya sami Auta?"

"Ba bakwaini na haife ta ba? Kwalbar ɗumama jarirai ta asibiti ta lalace, unguwarzoma ta ɗora min ita a ƙirji, fata da fata, ta ce kada in sauke. Kai ne ma kake kawo min ruwa a baki. Ga ta nan yanzu ta fi kowa surutu."

Sai ta ci gaba.

"Zanin da na ɗaure maka bargo da shi, na goyonta ne. Yana nan?"

"Yana nan."

"To. Na goyi naka har bayana ya gaji, kai ma yau ka ɗanɗana. Kuma ban da gudu, na san ka."

Ya koma ɗakin, ya tuɓe riga, ya buɗe injin. Ƙwan da saura ɗumi, kaɗan. Ya ɗora shi a kan cikinsa, faffaɗan kan yana sama, ya zagaya zanin ya ɗaure a baya, ya sake zagayowa ya ƙulle a gaba. Ya soke ma'aunin zafi tsakanin fata da ɓawo, ya zura rigarsa mafi faɗi, ya ɗora rigar sanyi a kai. Da farko sanyin ƙwan ya ratsa shi har ya yi tsuma. Can sai ya rasa gane inda jikinsa ya ƙare da inda ƙwan ya fara. Sannan ya ji wani abu ya ƙwanƙwasa daga ciki, sau ɗaya, kamar baƙo mai kunya.

Rediyo ce ta raka shi zauren jarrabawa da rana, tana gaba tana kore masa hanya. Yana tafe a hankali, ƙafafu a buɗe, hannu ɗaya a ƙugu.

"Kawu, wata nawa?" wani ya tambaya daga kan baranda.

"Allah ya raba lafiya, Kawu."

"A sanar da mu ranar suna."

"Ku yi ta kanku," in ji Rediyo. "Shaho ne mai sa ido yau."

Nan take bakuna suka mutu. Shaho malami ne dogo siriri, kullum cikin baƙar kwat ko da gari yana tafasa. Tun da ya fara sa ido a jarrabawa ba a taɓa ganin ya zauna ba. Tafiya yake tsakanin layuka ba a jin takunsa, sai dai mutum ya ga inuwa ta faɗo a kan takardarsa. Ana cewa ya taɓa kama ɗan yayarsa, ya kuma raka shi ofishin ladabtarwa da kansa.

Ƙananan malamai biyu ne ke laluben ɗalibai a ƙofa. Da suka zo kan Kawu suka ga furfura, suka ji nauyi, suka ce ya wuce. Jakunkuna da wayoyi duk an zube su a baranda, inda iska ke feso yayyafi. Aka raba takardu, zauren ya yi tsit, sai ƙarar biro da kiɗan walima daga nesa.

Tambayoyin ba su fi ƙarfinsa ba, a kan ciyar da dabbobi ne, abin da ya yi shekaru yana yi da hannunsa. Amma hankalinsa ya rabu biyu. Ya rubuta layi uku, ya ja wuyan riga ya leƙa ma'auni. Ya rubuta biyu, ya sake leƙawa, leɓɓansa suna motsi. A leƙe na ba a san adadi ba, inuwa ta faɗo a kan takardarsa.

"Dattijo, me kake karantawa a cikin riga?"

"Zafi nake dubawa, ranka ya daɗe."

"Zazzaɓi kake?"

"A'a."

"Tashi."

Kawu ya tashi yana dafa tebur. Shaho ya dubi tudun da ke ƙarƙashin rigar, ya daɗe yana duba.

"Na ga littafi a cikin safa, na ga a cikin hula. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauko laburare gaba ɗaya ba. Da girmanka. Buɗe."

Duk zauren ya juyo. Kawu ya ɗaga rigar sanyi, ya ɗaga ta ciki, ya sassauta bakin zanin. Kan ƙwan ya bayyana, fari, yana sheƙi da gumi. Wani ya tuntsire da dariya a baya, Shaho ya waiga, dariyar ta koma ciki.

"Mene ne wannan?"

"Aikin bincikena ne, ranka ya daɗe. An ɗauke wuta."

Shaho ya sunkuya, ya gyara tabarau. Ya ga lambobin fensir a jere a jikin ɓawon. Ya ɗauki takardar tambayoyi, ya dubi lambobin, ya dubi takardar, ya sake duban lambobin.

"Wannan rubutu ne ko ba rubutu ba?"

"Rubutu ne. Nauyinsa ne da zafi."

"Na gani ba amsa ba ce. Amma doka ba ta ce amsa ba, ta ce rubutu. Ba ɗalibin da zai zauna a nan da abu mai rubutu a jikinsa. Kai shi baranda wajen jakunkuna."

"Zai mutu, ranka ya daɗe. Yau ko gobe zai fito."

"To ka fita da shi. Wanda ya fita kuma ba ya dawowa, ka sani."

A daidai nan, cikin wannan shiru, wani siririn sauti ya fito daga cikin Kawu. Ba kuka ba ne sosai, kamar dai an murza jiƙaƙƙen yatsa a kan gilashi. Na kusa suka ji, na nesa suka ga na kusa sun ji. Shaho ya ja da baya taku ɗaya.

Kawu ya dubi takardarsa, ko rabi bai kai ba. In ya fita, ya faɗi wannan darasi, digiri ya tafi. In ya ajiye ƙwan a baranda, digiri ya tafi. Ya ga kansa a kan tsohon babur ɗinsa, ya ga abokan aiki suna tambayarsa ina takardar, ya ga Auta da tsintsiya a bakin ƙofa. Ta kowace hanya abin ya kuɓuce masa. Amma a hanya ɗaya akwai wanda zai rayu. Ya rufe takardar amsa, ya ɗora biro a kai, ya ƙara ɗaure zanin.

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya kama hanyar ƙofa da tafiyarsa ta masu ciki. Rediyo ta kifa kai a kan tebur. Ya kai hannu zai tura ƙyaure ke nan sai ya ji murya a bayansa.

"Dattijo. Na ce a jikin ɗalibi."

Ya waiwayo. Shaho yana ɓalle maɓallan kwat ɗinsa, fuskar nan a murtuke kamar kullum.

"Ni ba ɗalibi ba ne. Yaya ake riƙe shi?"

A gaban allo, a idon ɗalibai fiye da ɗari, Kawu ya kwance zanin goyon Auta ya ɗaura wa Shaho. Cikin Shaho a shafe yake kamar faranti, sai da aka zagaya zanin sau uku.

"Faffaɗan kan a sama. Kada ka matse. Kada ka sunkuya. Ban da girgiza, ranka ya daɗe, ban da tafiya."

"Ban da tafiya?"

"Zama ake yi."

Ɗaya daga ƙananan malaman ya jawo kujera. Shaho ya dube ta kamar bai san amfaninta ba, sannan ya zauna a hankali, ya rufe kwat, ya ɗora hannu biyu a kan tudun.

"Koma ka yi rubutu. Lokacinka yana tafiya, ba zan ƙara maka ba."

Abin da ya faru a layukan baya a wannan rana, har yanzu ana ba da labarinsa a jami'ar. Wuyoyi suka yi tsawo, takardu suka karkata, wani ma har ya yi hamma ya miƙe hannu ya dawo da amsar maƙwabcinsa a ido. Ƙananan malaman biyu suna ta kai da kawo kamar masu korar tsuntsaye a gonar da ta fi ƙarfinsu. Shaho yana gani. Idonsa yana yawo layi-layi, jijiyar wuyansa ta tashi, amma jikinsa ko gezau. Ya buɗe baki zai daka tsawa, ya tuna, sai ya yi ƙasa da murya kamar mai magana a ɗakin mai jego.

"Mai jar riga, na gan ka. Zan tashi wata rana."

Kawu kuwa biro yana gudu a hannunsa, amma kowane layi sai ya ɗaga kai. Cikinsa ya yi masa fayau, sanyi yana shiga inda ƙwan ya bari. Ya ga Shaho ya leƙa wuyan riga ya duba ma'auni, ya gyaɗa masa kai kaɗan. Ya ci gaba. Yana tsakiyar tambayar ƙarshe sai ya ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen ganye. Ya ɗago. Idanun Shaho sun fito waje, bakinsa a buɗe, hannayensa sun ɗaga daga kan kwat ɗin. Kawu ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji Shaho cikin raɗa. "Rubuta. Yana harbi ne kawai."

Amsar ƙarshe ta fita a karkace, haruffa suna hawa kan juna, amma ta fita. Da lokaci ya cika, Shaho ya faɗa a hankali har sai da ƙaramin malami ya maimaita. Aka karɓi takardu. Ɗaliban nan da tun safe suke ɗokin tasha, masu tasi suna jiransu a waje suna danna oda, ba wanda ya nufi ƙofa. Suka zagaye kujerar, ana ture-ture ba hayaniya. Kawu ya durƙusa ya buɗe kwat ɗin. Ɓawon ya tsage, ya huje kamar bakin kwalba, kuma a cikin hujin wani ɗan baki yana buɗewa yana rufewa.

"A fasa masa mana," wani ya ce.

"Ba a fasawa," in ji Shaho, kafin Kawu ya yi magana. Ya dubi Kawu. "Ko ana yi?"

"Ba a yi. Da kansa zai fito."

Rediyo ta riga ta fice. Kafin a jima ta dawo tana haki, da labari a baki: farfesa na shida ya yi jawabi har ruwa ya sauko ya kori jama'a, walima ta watse, Mai Makulli ya dawo da janareto a baro, injin ya fara ƙugi. Ta kuma biya ta gaya wa Dakta, da duk wanda ta gamu da shi a hanya.

Kawu ya miƙa hannu zai karɓi ƙwan. Shaho ya rufe kwat.

"Kai ka ce ban da girgiza. Kwancewa da ɗaurawa girgiza ce. Riƙe min lema."

Haka suka ratsa jami'a da la'asar, cikin yayyafi: Shaho a gaba yana taku ɗaya-ɗaya, ƙafafu a buɗe, Kawu a gefe da lema yana cewa a yi hankali da kwata, ɗalibai a baya da jakunkunansu a ka. Suka wuce motar ɗaga kaya, injiniyan ya bi su da kallo, taransifoma tana lilo a sama. Wannan karon ba wanda ya tambaya wata nawa.

Ɗan tsakon bai yi sauri ba. Aka sa shi a injin, ya yi ta hutawa yana harbi, yana hutawa yana harbi. Ɗalibai suka fara zamewa ɗaya-ɗaya don kada motoci su tafi su bar su. Rana tana gab da faɗuwa sai ɓawon ya rabe gida biyu, wani abu jiƙaƙƙe mai zane-zane a wuya ya zube a kan tire, ƙafafunsa sun fi shi girma. Ya kwanta kamar tsumma. Dakta ta sunkuya a gaban gilashin, jan biro a bayan kunne. Ƙirjin ɗan abin yana ɗagawa yana sauka.

"Yana numfashi," ta ce. "Ka kawo shi gaban mai jarrabawa haka, Kawu, ka ga digirinka." Ta dubi Shaho, rigarsa ta ciki duk ta ɓaci, ga zanin goyo a kafaɗa. "Malam, barka da arziki."

Shaho ya kai hannu kafaɗarsa. Ya naɗe zanin da kyau ya miƙa wa Kawu.

"Me yake ci?"

"Ba yanzu ba. Sai ya kwana biyu."

"Ina nan lokacin hutu. Ba inda za ni." Ya ɓalla kwat ɗinsa, ya kai ƙofa, ya tsaya. "Mai jar rigar nan, ɗan ajinku ne?"

"Ban lura ba, ranka ya daɗe," in ji Rediyo. Shi ne labari na farko da aka taɓa nema a bakinta aka rasa.

Da kowa ya watse, wayar Kawu ta yi ƙara.

"Baban yara, an sauka?"

"An sauka lafiya."

"Madalla. To in ya girma a ina za mu sa shi? Ka san tsakar gidanmu ko shanya ba ta isa."

"Na jami'a ne, Maman yara."

"Haka ka ce da akuyar nan mai ƙafa uku, ga ta nan tana cin labulena."

Ya yi dariya, karo na farko tun jiya. Ya jawo kujera mai ƙafa uku ya jingina ta da bango ya zauna, ya tashi, ya leƙa ma'auni, ya koma. Hannunsa sai kai kansa yake kan ciki yana neman abin da ba ya nan. A waje tasi na ƙarshe ta tashi da katifu a samanta, janareto yana ta ƙugi a bayan taga. Can ɗan tsakon ya ɗaga wuya, wuyan ya yi lilo ya faɗi, ya sake ɗagawa. Ya buɗe ido ɗaya ta bayan gilashin. Gashin idon a jiƙe yake, a manne, amma dogo ne, kuma baƙi ƙirin, sai ka ce an rambaɗa masa kwalli.